Na Ɓoye Wa 'Yata Maganin Jini, Na Ɗura Mata Koren Shayi

Edita, ina gaishe ka da masu karanta wannan shafi. Ba zan faɗi sunana ba, ba kuma zan faɗi na kowa ba, amma duk wanda ya saba sayen kayan miya a Tina Junction da ke Jos 'yan shekarun baya zai iya tuna wata gajerar mata mai ƙiba, mai murya kamar lasifika, wadda ba a taya mata tumatir sau biyu. Ni ce. A lokacin na haura hamsin, mijina ya daɗe da rasuwa, da kwandon tumatir da kabeji da dankalin Turawa na riƙe 'ya'yana huɗu a ɗaki biyu a Anguwan Rukuba. Bakina ba shi da linzami. In na ga ƙarya sai na kira ta da sunanta, ko a gaban fasto ne. Abu ɗaya ne yake sa ni sunkuyar da kai a duniya, shi ne takarda. Ban shiga aji ina yarinya ba, babana ya ce gonar acca ta fi buƙatata. Har furfura ta fito mini da babban yatsa nake dangwala hannu, kuma duk takardar da ta shigo gidana, ta asibiti ce ko ta mai gida, autata ce take karanta mini tun tana firamare.

Da zumuntar mata ta cocinmu ta buɗe ajin yaƙi da jahilci, ni ce ta farko da ta sayi littafi da fensir. Matan kasuwa suka sa ni gaba, wai tsohuwa za ta yi digiri a kan kabeji. Na ce su yi ta dariya, ranar da zan karanta musu takardar sammaci za su daina. Shekara uku ina zuwa Talata da Alhamis, ko ana ruwa da ƙanƙara. Na iya karatun Hausa sarai, na iya tsintar Turanci kaɗan-kaɗan. Akwai wani ɗan kabilar Ibo mai shagon kayan shayi a bayan rumfata, mun fi shekara goma muna maƙwabtaka. Hausarsa ba ta san mace da namiji ba, kowa "kai" ne a wurinsa. Shi ya laƙaba mini Farfesa, kuma maimakon in gane tsokana ce, sai sunan ya yi mini daɗi har cikin ƙashi. Hausawa sun ce ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Ni nawa ƙuƙumin ba wuyana ya kama ba, wuyan 'yata ya kama.

Koren shayi ya shigo rayuwata ta hanyar alheri, dole in faɗi wannan don kada in yi masa ƙazafi. Na je asibiti da ciwon gwiwa, aka auna ni aka ce sukarina yana hawa, nauyina kuma ya yi yawa. Shayina na safe a lokacin, madara ce har sai ya yi kauri, sukari cokali huɗu, da rabin burodi. Aka ce in bari. Na ce a sanyin Jos wa zai fita kasuwa bai sa abu mai zafi a ciki ba? Da na kai kuka wurin mai shago, sai ya miƙo mini wani koren kwali, ya ce wannan madam ɗinsa take sha, ba madara ba sukari. Na tsaya a nan na karanta abin da ke jikin kwalin da kaina, kalma-kalma, ban nemi taimakon kowa ba. Na fara sha. Cikin 'yan watanni zanina ya fara yi mini yawa, gwiwata ta yi sauƙi, gyangyaɗin da nake yi a rumfa da rana ya tafi, da na koma asibiti aka ce sukarin ya sauka. Ban zauna na tambayi kaina ba ko shayin ne ya yi aikin, ko kuwa cokali huɗun nan da rabin burodin da na bari. Na ɗauki ladan duka na ba shayi.

Daga nan sai saƙonni suka yi ta shigowa wayata daga mata 'yan'uwana, wai koren shayi yana narkar da kitse, yana wanke jini, yana korar ciwo iri kaza da kaza. Duk wanda ya zo sai in kwafe shi a littafin makarantata da hannuna. Abin da aka rubuta, a wurina a lokacin, gaskiya ne, ballantana wanda ni na rubuta. Sannan na ƙara da nawa. Mu a ƙauye da ɓawon maɗaci da shuwaka aka raine mu, abin da muka sani shi ne maganin da ba shi da ɗaci ba magani ba ne. Saboda haka sai in jefa ƙunshin shayi huɗu a filas tun da safe, in bar su a ciki har yamma, ruwan ya yi duhu, ya riƙa kama harshe kamar ɗanyar kanya. Na daina shan ruwa a kan abinci, shi nake korawa da shi.

A wannan halin autata ta zo. Ta yi aure a Bukuru, mijinta direban bas ne, yaro mai ladabi wanda ba ya gaishe ni a tsaye. Cikinta na fari yana wata biyar, laulayi ya wahalar da ita, shi kuma fitar safe yake yi sai yamma. Ya kawo ta da kansa da jakarta da katin awonta, ya ce ta zauna wurina har ta haihu, kamar yadda aka saba a haihuwar fari. A cikin jakar akwai wata 'yar leda ta jajayen ƙwayoyi da wasu ƙanana rawaya, maganin ƙarin jini da ake ba masu ciki a wurin awo.

Ga abin da ban taɓa gaya wa 'ya'yana ba. Ina da shekara goma sha biyu yayata ta mutu a gabana a ƙauye, kwana biyu tana naƙuda, tsofaffi suka ce ɗan ne ya yi girma ya kasa fita. Wannan kukan bai taɓa barin kunnena ba. A kasuwa kuma maganar da mata ke yi ita ce, jajayen ƙwayoyin nan su ke ƙibantar da ɗa a ciki, shi ya sa 'yan matan yanzu sai an yanka su kafin su haihu. Da na haɗa wannan da abin da ke cikin littafina, sai lissafin ya fito mini tsaf: ƙwaya tana sa ƙiba, shayi yana narkar da kitse, kuma yana wanke jini. Me ya rage? Na kwashe ƙwayoyin na zuba a wani tsohon gwangwanin madara, na jefa a jakar da nake zuwa kasuwa da ita, don kada ta sha a bayan idona.

Ta yi magana, ba zan yi mata ƙarya ba. Ta ce Mama, a asibiti sun ce kullum ne, ba a tsallakewa. Na ce su masu farin kayan nan 'ya'ya nawa suka haifa? Ni huɗu na haifa, wuƙa ba ta taɓa cikina ba. Ta ce ai shayi shayi ne, ba magani ba ne, kuma ta ji ana cewa mai ciki ba ta yawaita shi. Nan fa na tashi. Na ce wato don ta riƙe takardar sakandare, har yanzu kallon mai dangwala yatsa take yi mini? Na ce shekarun da ta yi tana karanta mini takarda sun wuce, yanzu ni ma ina da ido. Na jawo littafina na buɗe, na karanta mata shafi biyu da ƙarfi har maƙwabta suna ji. Ta dube ni, ta sunkuyar da kai, ta ce to Mama. Na ɗauka na ci gardama.

Wata uku muka yi a haka. Na hana ta hanta da ƙwai, nama ma sai ɗan yanki, duk don kada ɗa ya yi girma. Ina ba ta gwate, wato faten acca, da wake da alayyafo, abinci mai kyau, amma kowane kwano da kofin shayina mai ɗaci a gefensa, safe da rana da yamma, ina tsaye a kanta har ta shanye. Katin awonta na Bukuru ne, damina kuma ta yi ƙarfi, sai na riƙa cewa ina amfanin shiga bas biyu a cikin ruwa don a danna mata ciki. Sau ɗaya ta je a tsakanin nan. Ta dawo ta ce an ce jininta ya yi ƙasa, an ƙara mata ƙwayoyi. Na ce ai dole su faɗi haka, na karɓa na ƙara a gwangwani, na kuma ƙara ƙunshi ɗaya a filas don jinin ya wanku da kyau.

Allah ya nuna mini alamu, ni ce na ƙi gani. Gidanmu a kan dutse yake, 'yar hawan da yara ke yi a guje sai ta tsaya sau uku tana haki. Ta ce zuciyarta tana bugawa kamar ganga, barci ba ya zuwa, in ta miƙe sai ta ga duhu. Ta fara cin farar ƙasa a ɓoye. Na ce ragwanta ce ta 'yan zamani, ni da cikinta wata tara nake ɗaukar kwandon dankali. Matar mai shago ta ja ni gefe ta ce Mama, yarinyar nan ta yi fari da yawa, a duba ta. Na ce hasken ciki ne, mace za ta haifa. Shi kansa mai shagon, ranar da na je karɓar wani kwalin, ya riƙe bai sake ba, ya ce Farfesa, kai wanka kake yi da shi ne? Ya ce madam ɗinsa kofi ɗaya take sha, kwali ɗaya yana kai ta wata, wannan ba miya ba ne. Na ce ya sayar da kayansa ya bar wa masu ilimi maganar lafiya. Mutumin da ke sayar da abin ma ya ce ya isa, ni na ce bai isa ba.

Wata Juma'a da tsakar rana, ruwa ya ɗauke, tana zaune a rumfata tana ware mini ruɓaɓɓen tumatir don na ce zaman gida ne yake ƙara mata kasala. Ta miƙe za ta ɗauko wa wata kwastoma leda, sai kawai ta sulale a kan tulin kabeji. Ko wash ba ta ce ba. Ni mai muryar da ake ji har bakin titi, na buɗe baki sauti ya ƙi fita. Matar mai shago ce ta tare keke napep, ita ta riƙe ƙafafunta har asibiti.

Nas ɗin da ta karɓe mu dattijuwa ce, kusan sa'ata. Ta sa yatsa ta ja fatar idon yarinyar ƙasa, ta kira ni ta ce in duba. Wurin da ya kamata ya yi ja, fari ne fat kamar shafin littafina da ban rubuta komai ba. Aka ɗibi jini aka auna. Likita ya ce jinin ya yi ƙasa ƙwarai, in naƙuda ta zo a haka ta zubar da ko kaɗan ne, ana iya rasa ta, ana iya rasa ɗan, dole a ƙara mata jini a ranar. Da ta farfaɗo, nas ta tambaye ta ko tana shan maganinta na awo. 'Yata ba ta dube ni ba. Ta ce mantawa take yi. Nas ta hau ta da faɗa, wai yarinya mai ilimi kamarta za ta kashe kanta da ɗanta saboda sakaci, wai ga uwarta tsohuwa ta bar kasuwa tana wahala da ita. Ina tsaye, jakata a hammata, gwangwanin yana taɓa haƙarƙarina. Edita, ni da nake taƙama ba na tsoron gaskiya, na bari aka yi wa 'yata wannan faɗan har ya kusa ƙarewa ban ce uffan ba. Sai da na ga hawaye yana gangarowa cikin kunnenta, tana kwance, ta ƙi kare kanta, sannan na ciro gwangwanin na buɗe na juye a kan tebur. Ƙwayoyin suka watse har ƙasa. Na ce ba ta manta ba, ni ce.

Na jira a zage ni, da an zage ni ma da na fi samun sauƙi. Nas ɗin ta ja kujera ta ce in zauna. Ta tambaye ni me nake ba ta a madadinsu, na faɗa, har da yadda nake dafawa. Ta ce mini ita ma tana shan koren shayi, abu ne mai kyau. Akwai sinadarai a ganyen da ke taimakon zuciya da hanyoyin jini, yana wartsakar da mutum ba tare da ƙarfin gahawa ba, ba shi da kitse, ba shi da sukari in ba kai ka zuba ba, don haka wanda ya bar shayin madara ya koma masa zai ga canji kamar yadda na gani. Amma ta ce ba abinci ba ne, ba ya gina jiki, ba ya yin jini, kuma babu wani wanke jini da yake yi. Abin nan da ke kama harshe, wanda nake murna da shi, shi ne yake riƙe sinadarin ƙarfe da ke cikin wake da ganye ya hana hanji tsotsewa, kuma da wannan sinadarin jiki ke yin jini. Wato na ɗauke mata ƙwaya, na ɗauke mata hanta da ƙwai, ɗan abin da ya rage a cikin gwaten kuma na aika shayi ya tare masa hanya, a lokacin da jikinta ke yi wa mutum biyu jini. Da na gaya mata labarin yayata, sai ta ce ƙwayoyin nan ba su ke hana ɗa fita ba, kuma matan da ta gani sun tafi a ɗakin haihuwa saboda ƙarancin jini suna da yawa.

Aka ce a kawo masu ba da jini. Na naɗe hannun rigata na ce su kwashe duk wanda suke so. Aka soki yatsata aka auna, aka ce ba za a ɗiba ba, ni ma nawa bai cika ba. Shekara guda ina kora kowace loma da shayin nan. Na zauna a kan benci da hannun riga a naɗe, jinin da zan ba 'yar da na haifa ma ba ni da shi. Mijinta ya ajiye bas da fasinja a hannun wani ya zo a guje, ya ba da leda ɗaya. Ta biyun mai shago ne ya bayar, ya rufe shagonsa ya zo ba wanda ya kira shi. Da ya fito yana danne da auduga ya ce Farfesa, yanzu jikanka rabinsa Ibo ne, in ya girma shago zai buɗe. Na so in yi dariya, kuka ya zo. Surukina kuwa, a ranar bai durƙusa ba. Ya tsaya a gabana ya ce Mama, amana na kawo miki. 

Bayan mako biyu naƙuda ta zo kafin lokacinta. Ta haifi mace, ba a yanka ta ba. Ni da hannuna ya saba auna kaya, da na ɗaga jaririyar na san ba ta kai babban kabeji nauyi ba. Aka sa ta a kwalba kwana da kwanaki. Ƙaramin ɗa na roƙa, na yi dabara a kansa wata uku, ga shi an ba ni, ina leƙensa ta gilashi ina roƙon Allah ya ƙara masa ko da nauyin tumatir ɗaya ne. Allah ya ji tausayinmu, dukansu suka rayu. Amma da aka sallame su, Bukuru mijin ya wuce da su. Uwarsa ce ta yi mata wankan jego, ita ta fara goya jikata. Itacen da na tara don dafa ruwan wankan yana bayan ɗakina har damina ta sake zagayowa. Ban yi gardama ba, ba ni da bakin yi.

Sai da jaririyar ta yi wata huɗu na iya shiga bas na je, da hanta da ƙwai a leda. Na roƙi surukina gafara, ya ce ya wuce. Da muka keɓe da 'yata na tambaye ta, tunda ta san ba daidai nake yi ba, me ya hana ta gaya wa mijinta, ko ta sayi wasu ƙwayoyin ta sha a ɓoye? Ta ce ta yi tunanin haka. Ta ce amma tun tana ƙarama take ganin yadda nake juya takarda a hannu ina jin kunya, ranar da na fara karatu da kaina ta fi ni murna, ba ta so ta zama ita ce za ta ce mini karatun nawa bai isa ba. Sannan ta ce, Mama, kuma ina tsoron bakinki. Wannan ta fi maganar likita yi mini ciwo. Bakin da na yi shekara talatin ina kare 'ya'yana da shi a kasuwa da unguwa, shi ne ya rufe na 'yata har ta kusa mutuwa a gabana tana cewa to.

Har gobe ina shan koren shayi, ban yi faɗa da shi ba, don bai yi mini laifi ba. Kofi ɗaya, ƙunshi ɗaya, in tsoma minti biyu ko uku in cire, da hantsi, bayan karin safe ya daɗe da sauka. Jinina ya dawo, sukarina yana nan daidai. Abin da nake roƙon mata 'yan'uwana, musamman mu iyaye da surukai da ake kawo wa masu ciki, shi ne kada abin da ya yi miki amfani ya sa ki ɗauka zai yi wa kowa. Kada ki kora abinci ko maganin jini da shayi, kore ne ko baƙi, ki bar tazarar awa ɗaya ko biyu. Mai ciki ta tambaya a wurin awo kafin ta mai da shi abin sha na kullum. Ƙwayar da aka ba ta, in kina da shakka a kanta, ki ɗaura zani ki bi ta asibitin ki yi tambayarki da bakinki, kada ki yanke hukunci a ɗaki. Masu irin tarihina kuma, da muka samu karatu da furfura, mu riƙe shi da kyau, abin alfahari ne, amma iya karanta abu daban, sanin ko gaskiya ne daban. In kuma kin ga kowa a gidanki "to" yake ce miki, kada ki ɗauka kin fi su gaskiya ne.

Wannan wasiƙar da hannuna na rubuta ta, kwana tara ina yi. Kafin in aiko na kai wa autata Bukuru ta duba, jikata tana ta jan jakata tana neman karas. Ta karanta har ƙarshe, ta ɗauki biro ta gyara mini wuri goma sha ɗaya, ta ce akwai inda na rage wa kaina laifi, in mayar. Na ce to.